Furotin da aka ciro daga cikin bakteriya, wa ya mallake shi?

Ɗalibar Samaru:
Assalamu alaikum malamaina da yayyena na wannan zaure. Wata tambaya ce ke cina. Maganin sikila ɗin nan, Casgevy, da Ingila ta amince da shi a Nuwamban 2023, Amurka ta biyo baya a Disamba, kuɗinsa dala miliyan 2.2 ga mutum ɗaya. Abin da ke yin aikin a cikinsa shi ne Cas9, furotin da ke kama DNA ya yanka a inda aka nuna masa. Shi kuwa Cas9 daga jikin bakteriyar nan mai sa ciwon maƙogwaro aka ciro shi, Streptococcus pyogenes. To ta yaya abin da ke cikin maƙogwaron bayin Allah tun fil azal zai zama mallakin wata jami'a har ana kai juna kotu a kansa? Ta biyu kuma, idan na yi amfani da shi a aikin digirina na biyu, akwai wanda zai iya kai ni ƙara?

Barista:
Wa alaikumus salam ƙanwata. Bari in fara da ta biyun don hankalinki ya kwanta: babu mai kai ki ƙara. Takardar haƙƙin ƙirƙira ba ta tsallake iyakar ƙasar da ta bayar da ita. Wadda ofishin Amurka ya bayar, a Amurka take aiki, ba ta da ta cewa a Zariya. Sai in mai ita ya zo Abuja ya yi rajista a ƙarƙashin dokarmu ta 1970. Ko da ya yi, ba ki ne abin nemansa ba. Masu sayar da kaya yake nema.

Ta farkon kuwa, ba furotin ɗin da ke maƙogwaro aka mallaka ba. A 2013 kotun ƙolin Amurka ta yanke hukunci a shari'ar kamfanin Myriad cewa DNA da aka tsinto a jikin halitta ba ya zama mallakin kowa don kawai ka ware shi. Abin da ake bai wa takarda shi ne abin da hannun mutum ya sarrafa, da kuma hanyar amfani da shi. Tushen wannan ya koma 1980, shari'ar Chakrabarty, wanda ya haɗa bakteriya mai cin ɗanyen mai. Alƙalai biyar suka ce a ba shi, huɗu suka ce a'a.

Abu Hanif:
Ni fa har yanzu zuciyata ba ta kwanta da wannan ba. Halittar Allah ce. Ka ɗan taɓa ta kaɗan ka ce taka ce, kowa ya biya ka?

Barista:
Malam Abu Hanif, malamai sun riga mu duba wannan. Majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta zauna a Kuwait a 1988 ta ce haƙƙin ƙirƙira da na wallafa haƙƙi ne da shari'a ke karewa. Kuma ka tuna ba na har abada ba ne. Shekara 20 ce daga ranar da ka shigar da takarda, da sharaɗin sai ka rubuta yadda abin yake dalla-dalla kowa ya karanta. Bayan nan ya zama na kowa.

Malamin Bayokem:
Barista ya gama da ɓangaren doka. Ni zan yi tsawo, a yi mini haƙuri, don wannan tambayar ba ta fahimtuwa sai an koma baya.

Matsalar da masu wannan ilimi suka daɗe suna fama da ita guda ce: DNA ɗin mutum harafi kusan biliyan 3 ne, A da C da G da T. Yaya za ka sami wuri ɗaya tak a cikinsa ka taɓa? Halitta tana da furotin masu yin haka, kowanne da jerin haruffan da yake ganewa. Na farko da aka mayar kayan aiki su ne enzayim masu yanka da bakteriya ke kare kansu da su. EcoRI misali, duk inda ya ga GAATTC zai yanka. Amma harafi shida ya yi kaɗan. In kika lissafa, irin wannan jeri zai riƙa fitowa kusan sau ɗaya a kowane harafi 4096. A cikin DNA ɗin mutum ya zama dagargazawa ke nan, ba gyara ba.

Duk da haka da su Stanley Cohen na Stanford da Herbert Boyer na San Francisco suka nuna yadda ake yanko ƙwayar gado daga wata halitta a dasa a cikin bakteriya. An ba su takarda a Disamban 1980. Ku dubi abin da Stanford ta yi da ita. Ba ta bai wa kamfani ɗaya ta kulle ƙofa ba. Cewa ta yi duk mai so ya zo, dala 10,000 a shekara da ɗan kaso daga ciniki, jami'o'i kuma su yi bincikensu kyauta. Kamfanoni 468 suka karɓi lasisi, kafin takardar ta ƙare a 1997 ta tara kusan dala miliyan 255. Insulin ɗin da masu ciwon suga ke yi wa kansu allura yau ta wannan hanya ake yin sa.

Sai na biyu, yatsun zink. Aaron Klug da mutanensa a Cambridge suka gano su a 1985 a cikin wani furotin na kwaɗon Afirka, Xenopus. Kowane yatsa amino asid (tubalan da ake gina furotin da su) kusan 30 ne da zink ɗaya a tsakiya yana riƙe shi, kuma yana karanta harafi uku. Ka jera yatsu uku, ka karanta tara. A 1996 Chandrasegaran na Johns Hopkins ya ɗauko ɓangaren da ke yanka na enzayim FokI ya liƙa a ƙarshen yatsun. Shi FokI ba ya yanka sai su biyu sun haɗu, don haka sai ka yi guda biyu, ɗaya dama ɗaya hagu, su karanta harafi 18 tare. Jerin harafi 18 kuwa da wuya ka same shi sau biyu a cikin DNA ɗin mutum. Nan aka fara gyaran ƙwayar gado na haƙiƙa.

Me ya faru? Kamfani ɗaya, Sangamo, da aka kafa a 1995 a Kalifoniya, ya bi jami'o'i ya tattara lasisin kusan duk takardun da suka shafi yatsun zink. A 2001 ya saye har kamfanin Klug ɗin kansa, Gendaq. Daga baya ya bai wa Dow izinin tsirrai, ya bai wa Sigma-Aldrich izinin sayar wa masu bincike. A lokacin, Sigma na haɗa maka guda a kan dala 25,000. Wane ɗalibi ne zai taɓa? Shekara fiye da goma kayan aikin nan yana hannun tsirarun ɗakunan bincike. Ra'ayina ke nan: takardar ba ita ce matsala ba, abin da mai ita ya zaɓi ya yi da ita ne.

Na Boston:
Ranka ya daɗe Malam, da girmamawa, ban yarda da rabin wannan ba. Kuna ɗora wa Sangamo laifin da na furotin ɗin ne. Yatsun zink ba sa jeruwa yadda lissafi ya ce. Yatsa na biyu yakan leƙa harafin da ke gaban na farko, sai ka ga abin da ya yi aiki shi kaɗai ya ƙi yi in an sa shi kusa da wani. A 2008 ƙungiyar su Keith Joung ta fito da hanyarta, OPEN, ta raba wa duniya kusan kyauta. Mutum nawa suka iya? Wata da watanni kake tantancewa a cikin bakteriya kafin ka sami guda mai kyau. Ko babu takarda ko ɗaya, haka za a sha wahala.

Malamin Bayokem:
Wahalar gaskiya ce, ban musa ba. Amma ka tambayi kanka me ya sa Sangamo ke iyawa wasu ba sa iyawa. Suna da taskar yatsu bibbiyu da suka gwada shekara da shekaru, kuma wannan taskar ba su buga ta ba, sirrin kamfani ce. Sun riƙe takarda a hannun dama, sun riƙe sirri a hagu. Alhali cinikin da aka yi da jama'a shi ne a ba ka shekara 20, kai kuma ka faɗi yadda ake yi.

Na Boston:
To in haka ne sirrin ne ya kulle ƙofa, ba takarda ba. Mun dawo kan maganata.

Malamin Bayokem:
Mun dawo kan tawa dai. Wa zai zuba kuɗi ya gina tasa taskar alhali ya san ranar da ya fara sayarwa lauya zai ƙwanƙwasa masa ƙofa?

Ɗan Maraɗi:
Ku tsagaita haka malamai, kun tsallake wanda ya fi burge ni, kuma shi ya shafi gona. Akwai cutar da ke busar da ganyen shinkafa, muna da ita a fadamun bakin kogin Kwara nan Nijar, akwai ta a Mali da Burkina Faso. Bakteriyar Xanthomonas ke kawo ta. Dabararta abin mamaki ce: tana tura wani furotin cikin sel ɗin shinkafa, ya wuce kai tsaye wajen DNA, ya zauna a gaban ƙwayoyin gadon da ake kira SWEET ya kunna su, sai shinkafa ta dinga zubo suga waje bakteriya na sha.

A 2009 ƙungiya biyu suka warware yadda furotin ɗin ke karatu, su Jens Boch da Ulla Bonas a Halle ta Jamus, da su Adam Bogdanove a Iowa. Furotin ɗin guntaye ne masu maimaita kansu, kowanne amino asid kusan 34, duk iri ɗaya in ban da na 12 da na 13. Waɗannan biyun ke faɗin harafin: HD ya kama C, NI ya kama A, NG ya kama T. Guntu ɗaya, harafi ɗaya, babu leƙen maƙwabci irin na yatsun zink. Aka liƙa masa FokI ɗin nan aka sami TALEN. Nan take takardu suka rabu gida biyu. Ta Halle ta tafi hannun gidauniyar Two Blades, ta Jami'ar Minnesota kuma kamfanin Cellectis na Faransa ya karɓi lasisinta shi kaɗai a 2011. Da TALEN aka gyara sel ɗin da aka yi wa wata jaririya mai sankarar jini magani a Landan a 2015. Da shi aka yi waken suyan da aka fara sayar da mansa a Amurka a 2019.

Abin da ke ba ni dariya da takaici lokaci guda: makamin cutar gonarmu ne ya zama dukiyar wasu.

Abu Hanif:
Ka ga abin da nake faɗa ke nan.

Na Boston:
Cutar tana nan a Indiya da Sin da Filifin ma, ba ta Nijar kaɗai ba ce. Kuma babu wanda ya hana wani ya zauna ya ƙirga amino asid na 12 da na 13. Su suka zauna.

Ɗan Maraɗi:
Wanda ke da lantarki da albashi shi ke zama, ɗan'uwa.

Ɗalibar Samaru:
Na gode ƙwarai, ina ta rubutawa. Amma Malam, ba ku zo kan Cas9 ɗin ba. Su waye ke faɗan, kuma a kan me?

Malamin Bayokem:
Wannan na bar wa mutumin Boston, a ƙofar gidansa ake yi.

Na Boston:
Bambancin Cas9 da na baya shi ne ba sai kin ƙera sabon furotin ba duk lokacin da kika canza wuri. Furotin ɗaya ne, sai ki ba shi guntun RNA mai harafi 20, shi ne jagora. Zai bi DNA yana neman wurin da ke da GG, in ya samu ya buɗe ya gwada ko haruffan da ke gefe sun dace da jagoran. In sun dace ya yanka. Abin da ke cin watanni ya koma aikin mako.

Jennifer Doudna ta Berkeley da Emmanuelle Charpentier sun shigar da takardarsu ranar 25 ga Mayun 2012, suka buga aikin a watan Yuni. A cikin kwalbar gwaji suka nuna shi, ba a cikin sel ba. Feng Zhang na Cibiyar Broad da ke yankin Boston ya shigar da tasa a Disamban 2012, ya nuna yana aiki a sel ɗin mutum da na ɓera. Broad ta biya kuɗin duba gaggawa, aka ba ta takarda a Afrilun 2014, ta Berkeley na layi. A lokacin dokar Amurka wanda ya fara ƙirƙira take bai wa, ba wanda ya fara shigarwa ba. Sai a Maris 2013 aka canza. Shi ya sa aka koma tonon littattafan lab da saƙonnin imel, wa ya rubuta me, ran nawa ga wata.

A 2017 hukumar da ke sauraron rikicin takardu a ofishin Amurka ta ce abubuwa biyu ne daban, kowa ya riƙe nasa. A Fabrairun 2022 ta ce amfani a sel irin na mutum da dabba da tsiro na Broad ne. Hujjar da ta fi cutar da Berkeley kalaman mutanenta ne, inda suke nuna shakkar ko zai yi aiki a sel ɗin mutum. A tsakanin nan, 2020, Doudna da Charpentier suka karɓi Nobel, Zhang bai samu ba. Sai a Mayun 2025 kotun ɗaukaka ƙara ta ce hukumar ta auna da ma'aunin da ba shi ba, ta mayar mata da shari'ar.

Barista:
Ka manta da Turai, can ne abin ya fi ban haushi. Ofishin Turai ya soke babbar takardar Broad a Janairun 2018, ba don ilimin ba. Sunan wani mai bincike na Jami'ar Rockefeller, Luciano Marraffini, yana cikin takardar farko da aka shigar a Amurka, amma babu shi a ta baya. Shi ke nan, suka rasa ranar farko. Sannan akwai Virginijus Siksnys na Lituweniya da ya shigar da tasa tun Maris 2012, da kamfanin ToolGen na Koriya ta Kudu, da Sigma. Ga mai son yin magani, abin ya zama kamar ka sayi fili a bayan gari ka fara gini, mutum uku su zo kowa da takardarsa da sa hannun mai unguwa. Kafin alƙali ya gama, dole ka lallaɓa kowa.

Haka Vertex mai Casgevy ta yi. Abokin aikinta, CRISPR Therapeutics, lasisin ɓangaren Charpentier yake da shi. Kwana kaɗan bayan amincewar Amurka, Vertex ta je wajen kamfanin Editas mai riƙe da lasisin Broad ta amince da biyan har dala miliyan 100, ban da kuɗin shekara-shekara.

Maman Walida:
Ni ba 'yar boko ba ce irinku, ɗana ne ya sa ni a zauren nan don yarinyata. Shekararta tara. In ciwon ya tashi, ƙafafunta take riƙewa tana cewa Mama ki cire mini su. Ina dafa ruwa ina gasa mata da tsumma har asuba. Yanzu ina karantawa ana cewa akwai magani, wasu na can suna faɗa a kan wa ya riga wa. An ce ƙasarmu ta fi kowace ƙasa yawan masu sikila a duniya. To don wa aka yi maganin? Allah ya isa, wallahi.

Admin:
Allah ya ba Walida lafiya, Hajiya. Amin.

Dakta na Asibitin Yara:
Hajiya, Allah ya ba ta lafiya, ya ba ku ladan jinya. Fushinku yana kan hanya. Ana haihuwar jarirai kusan 150,000 da sikila a Najeriya duk shekara. Amma ina so in faɗa muku wani abu don kada ku ɗauka takardar nan ce ta tsaya tsakaninku da magani.

Ko yau aka yayyaga duk takardun Cas9, Casgevy ba zai zo hannunmu gobe ba. Ba ƙwaya ba ce, ba allura ba ce. Ana tatso sel ɗin ɓargo daga jinin mai ciwon, wani lokaci sai an maimaita. A tura su masana'anta a gyara, a gwada, watanni. Sannan a ba shi busulfan, maganin da ke kashe ɓargon da ke jikinsa gaba ɗaya, a mayar masa da gyararrun, ya kwanta makonni a ɗakin da ƙwayar cuta ba ta shiga. Busulfan ɗin yakan hana haihuwa. Dashen ɓargo na farko don sikila a ƙasar nan an yi shi a asibitin koyarwa na Benin a 2011, kuma har yau wuraren da ke yi ba su da yawa. Saudiyya da Bahrain sun amince da maganin tun da wuri saboda suna da masu ciwon kuma suna da asibitocin da kuɗin.

Ga abin da zai ba ɗalibarmu sha'awa. Casgevy ba ya gyara harafin da ya jawo sikila. Jariri yana da irin nasa haemoglobin da ba ya lanƙwashewa, shi ya sa ciwon ba ya fara nunawa sai bayan wata shida. Abin da ke kashe wannan haemoglobin ɗin jarirai wani furotin ne, BCL11A, shi ma mai kama DNA ne da yatsun zink. Shi kuma abin da ke kunna shi a sel ɗin jini wani mai kama DNA ne, GATA1. Cas9 wurin zaman GATA1 yake lalatawa, BCL11A ya yi shiru, haemoglobin ɗin jarirai ya dawo. Su Stuart Orkin a Boston suka gano wannan. Sangamo ma ta gwada wuri ɗaya da yatsun zink tare da Sanofi, Sanofi ta janye a 2022.

Hajiya, akwai tsohon magani mai ɗaga wannan haemoglobin ɗin, hydroxyurea, wanda takardarsa ta daɗe da mutuwa. An yi bincikensa a asibitocin Kano tare da Jami'ar Vanderbilt, aka ga yana rage haɗarin shanyewar ɓarin jiki ga yaran da gwaji ya nuna suna cikin haɗari. Ku tambayi likitanta ko ya dace da ita. Kada a saya a kemis a fara sha, don sai ana auna jini.

Maman Walida:
Tana sha, Dakta. In akwai kuɗi. Wani watan sai mu tsallake.

Malamin Bayokem:
Dakta, na yarda da kai cewa yau ba takarda ce ta hana ba. Amma gobe fa? Ana ta aikin yadda za a yi gyaran da allura ɗaya cikin jiki, babu busulfan babu ɗakin keɓewa. Ranar da wannan ya yiwu, asibiti ya daina zama shinge, lasisi ya zama shinge. Mun gani a maganin ƙanjamau. Sai da aka yi taron Doha a 2001 aka tabbatar ƙasa na da ikon bai wa wani izinin yin magani ba da yardar mai takarda ba in lafiyar jama'a ta buƙata. Indiya ba ta jira ba, cibiyarsu ta IGIB a Delhi ta ɗauko wani Cas9 daga wata bakteriya daban, Francisella novicida, ta gyara shi ya zama nata.

Na Boston:
Manyan takardun Cas9 za su mutu wajen 2033. Kafin allurar nan ta iso, sun tafi.

Barista:
Na farko za su tafi. Amma kowane gyara da aka yi wa furotin ɗin sabuwar takarda ce da sabuwar shekara 20. Masu canza harafi ɗaya ba tare da yanka ba, na su David Liu, a 2016 suka fito. Ƙwayar kitsen da ake naɗe shi a ciki don ya shiga jiki ita ma da masu ita.

Ɗan Maraɗi:
Barista, tambaya. Kun ce takarda ba ta tsallake iyaka. Mu nan muna ƙarƙashin OAPI, ofishin rajistar ƙirƙira na haɗin gwiwar ƙasashe mai hedikwata a Yawunde, rajista ɗaya ta rufe Nijar da Kamaru da Cadi da sauran. In cibiyar bincike ta gyara shinkafa da Cas9, ta goge wurin da furotin ɗin Xanthomonas ke zama a gaban SWEET, kamar yadda aka nuna a 2019, manomi ya shuka ya ci, wa zai yi magana?

Barista:
In ba a yi rajista a OAPI ba, babu. Matsalar tana wuri biyu. Ranar da kayan zai shiga ƙasar da takardar ke raye, da kuma yarjejeniyar da ka sa wa hannu lokacin karɓo kayan aikin. Wannan ta biyun ita mutane ke mantawa. Addgene, wata cibiya mai raba wa masu bincike kayan aiki, na aiko maka da Cas9 a kuɗi kaɗan, shi ya sa ya bazu duniya duk da shari'ar, amma jami'arka ta sa hannu cewa don bincike ne kawai. Wannan kwangila ce, kuma kwangila tana bin ka ko'ina. Don haka Ɗalibar Samaru, ki yi digirinki lafiya. Ranar da kika ce za ki sayar da iri, ki neme ni.

Kuma ana samun lasisin kyauta in an nema ta hanya. Waken SAMPEA 20-T da aka fitar a Samaru ɗinku a 2019, ƙwayar gadon da ke kare shi daga tsutsa ba a biya kaso a kanta ba, gidauniyar AATF ce ta shiga tsakani. Najeriya kuma ta fitar da ƙa'idojin gyaran ƙwayar gado tun Disamban 2020.

Kawu Mai Ritaya:
Na karanta duka, 'ya'yana. Ni tsohon ma'aikacin lab ne, bari in sauko da ku ƙasa. Kuna ta Cas9, alhali Taq, enzayim ɗin da ake yin PCR da shi, wato kwafar DNA ya yi yawa, har yau daga waje muke saye. An ciro shi daga bakteriyar maɓuɓɓugar ruwan zafi ta Yellowstone. Kamfanin Cetus ya sayar wa Roche haƙƙin PCR a 1991 a kan dala miliyan 300, Kary Mullis da ya ƙirƙiro shi kamfanin dala 10,000 ya ba shi tukuici. Takardun PCR na asali sun mutu a 2005. Ba mai hana ka dafa Taq a lab ɗinka: ka noma bakteriyar E. coli mai ɗauke da shi, ka fasa, ka ɗumama ruwan, furotin ɗin E. coli su dunƙule su faɗi, Taq ya rage don zafi ba ya kashe shi.

Amma mun yi? Na taɓa jiran kwali ɗaya da aka riƙe a filin jirgi. Da ya iso na buɗe, busasshiyar ƙanƙarar duk ta tashi, 'yan kwalaben suna kwance a gindin kwali da ɗumi kamar an ciro su daga aljihu. Taq ya tsira, ligase ɗin kuwa, enzayim mai liƙe DNA, ya mutu murus, kuma da dala aka biya.

Na ji akwai matasa a Yawunde, MboaLab, da ke aiki da wasu 'yan Cambridge suna yin enzayim ɗin da takardunsu suka mutu a can gida. Wannan shi ne aikin.

Na Boston:
Kawu, Allah ya ƙara girma. Har mai kyan ma ana iya yi yanzu. Wanda ake sayarwa da sunan Phusion, sirrinsa ɗan ƙaramin furotin ne, Sso7d, daga wata halitta mai rayuwa a ruwan zafi mai tsami. Ba ya zaɓar harafi, kowane DNA ya gani kamawa yake. Aka liƙa shi a jikin enzayim mai kwafi, sai ya daina suɓucewa, ya kwafi dogon zango kafin ya saki. Farkon shekarun 2000 aka shigar da takardarsa, ku lissafa da kanku.

Malamin Bayokem:
Yau dai ga ni da mutumin Boston a layi ɗaya. Amma kafin kowa ya fara, a sa Barista ya duba ranar ƙarewar kowace takarda, kada a yi aiki da zato.

Barista:
A turo mini lambobin takardun. Dubawa kyauta ne, duk suna intanet.

Ɗalibar Samaru:
Kawu, in na sami izinin malamina, za ku rubuta mini matakan Taq ɗin? Muna da injin juyawa da tukunyar ruwan zafi. Firizarmu ce ba ta da tabbas, in wuta ta ɗauke da dare sai safe.

Kawu Mai Ritaya:
Zan rubuta miki, 'yata. Ki nemi giliserol mai kyau, rabi da rabi za ki haɗa, Taq zai jure ɗaukewar wutar dare. Abin da ba ni da shi shi ne E. coli mai ɗauke da ƙwayar gadon. Akwai wanda ke da shi a firiza tsakanin Zariya da Kano? Ya yi magana, kada mu sake jiran kwali.